Zanen Inna a Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Ranar Talata ce cikin Agusta, tun asuba ruwa bai tsagaita ba. Kwatocin Sabon Gari sun tumbatsa. Hamzat na zaune a rumfarsa ta gyaran kwamfuta ba ciniki, sai ga adaidaita ta tsaya. Wata budurwa ta fito rungume da tsohuwar kwamfuta a leda, gyalenta ya jiƙe sharkaf.

"Malam, an ce kana ta da matattu."

"Wannan aikin Allah ne. Ni dai ina lallaɓa marasa lafiya."

Ba ta yi dariya ba. Sunanta Muhibba. Mahaifinta, Malam Faruk, yana da keken aikin wuya na kwamfuta a Fagge, kuma duk zanen da keken ke ɗinkawa mahaifiyarta, Inna, ce ta yi kafin ta rasu. Ruwa ya shiga shago ya kashe kwamfutar. Sun sayi sabuwa, amma tsohuwar manhajar da ke buɗe zanen ta ƙi tashi a kanta.

Kwana huɗu ya yi yana kwashe abin da ya tsira. Cikin zane ɗari uku, ɗari biyu da sittin suka fito. Da ta dawo da sabuwar, ya zaunar da ita a gabanta.

"Kin ga, manhajar Inna tsohon gidanta kaɗai ta sani. Idan na danna nan, tsarin da ke tafiyar da sabuwar kwamfuta zai yanki wani sashe na ƙwaƙwalwarta ya keɓe. Sai ya ƙirƙiri faifai da allo da madannai irin na da, duk na kwaikwayo. Sannan ya kunna tsohon tsarin a ciki, shi kuma ya ɗauko manhajar. Ita ba za ta san ta yi ƙaura ba."

Ya danna. Wata taga ta buɗe baƙi ƙirin, rubutu ya gilma, can sai ga furen wuyan riga ya bayyana. Muhibba ta rufe fuska da gyale tana kuka. Shi kuwa tun a nan ya san ya kamu.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Injiniyana, yau ka dawo min da hannun Inna. Allah ya biya ka."

Ya mayar: "Muhibbata, a aji uku na bar makaranta, kar ki ɗora min rawanin da ba nawa ba. Amma idan naki ne ni, na karɓa."

Da maganar aure ta taso, Malam Faruk bai karɓa ba. "Yaron da ya kasa zama a aji, shi zai zauna da mace?" Shi hankalinsa na kan Maje, mai sayar da kekunan ɗinki a Bata, mai digiri da mota.

Duk da haka dattijon ya kama aiki. Ya bi tsofaffin kwastomominsa ya aro rigunan da ke ɗauke da zanen da suka ɓace, yana sake zana su a manhajar, idonsa na ruwa. Mako uku, zane goma sha tara, bai taɓa kashe kwamfutar ba, murfinta kawai yake rufewa.

Sai aka yi kwana biyu ba wuta, batir ya mutu. Da aka kunna, babu ko ɗaya cikin sha taran. Hamzat ne ya kulle tsohon tsarin yadda duk tashi zai koma kamar ranar farko, don kada wani ya ɓata zanen Inna. Ya manta bai ce sabon aiki a ajiye shi a wajen tsohon tsarin ba.

"Aikin ɗan tasha ke nan," in ji Maje.

Muhibba ta rubuto: "Baba bai ci abinci ba tun jiya. Gaya min ba kai ba ne."

"Ni ne, masoyiyata. Gobe zan zo."

Ya zo ya durƙusa a ƙofar shago. "Baba, ba wuta ba ce, ba kwamfuta ba ce. Laifina ne."

"Tashi ka ba ni wuri."

Hamzat bai yi fushi ba. Tunda an riga an mayar da rigunan, ya karɓi sunayen masu su wurin Muhibba, ya bi su gida gida, daga Fagge har bayan tashar jirgin ƙasa. Wasu sun kyautar da nasu, wani an raba kayansa gado. Rigar da ya samu sai ya kawo shago ya ajiye. A rana ta tara Malam Faruk ya turo masa kujera da ƙafa.

"Idona ba ya ganin ƙananan layukan. Zauna ka riƙa gaya min."

Wata biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ranar da suka gama na ƙarshe, dattijon ya cire tabarau ya ce, "Ashe kana iya zama. Turo manyanka."

An ɗaura aure ranar Asabar bayan Azahar. Malam Faruk ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba. Kowa ya ce amin.

Cikin zane arba'in da ruwa ya ci, goma sha ɗaya aka dawo da su. Ashirin da tara sun tafi, har da wanda Inna ta zana don kayan auren 'yarta.