Tsaunin da Ya Zo Zongo

Tun da aka binne mahaifiyarsa, Inna Lami, Musbahu bai yi kuka ba. Yana ci, yana zuwa kasuwa, amma kamar wani ne ke yi a madadinsa.

Ran nan da almuru ya taso daga kasuwar Missèbo, inda yake sayar da gwanjo, zai koma gida a unguwar Zongo. Ƙanwarsa Nadjoua ta ce ya biyo da gawayi. A aljihunsa akwai ɗan dutsen da Inna ke taimama da shi lokacin jinya, wanda ta zo da shi daga tsaunin garinsu can arewa. Takan ce in ta warke za ta kai shi har ƙololuwa, ya ga inda ta yi kiwo.

Ya shiga lungun masu gawayi. Ƙarar babura ta ɗauke. Warin kwata ya ɓace, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa da kashin awaki.

Ya ɗaga kai. Inda ya saba ganin wani shagon tela, tsauni ne tsaye, baƙi ƙirin, kansa cikin gajimare. Garin nan kuwa ko tudun kirki babu, daga rairayi sai ruwa.

Ko tsoro bai ji ba. Ya ci gaba. Dutsen aljihunsa ya yi ɗumi kamar tafin hannu.

Can sama wata mace na zaune da zanen Inna, ta ba shi baya, tana tari irin nata.

"Taho," ta ce ƙasa-ƙasa. "Saura kaɗan."

Ya hau. Sanyi ya kama gwiwoyinsa, ya kama ƙugunsa.

"Taho mana, Musbahu."

Ya tsaya cak.

Shi ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gadon asibiti. "Kai wannan" take ce masa.

Matar ta fara juyowa.

Ya runtse ido, ya saki dutsen, yana a'uziyya.

Tsulum.

Ya buɗe ido. Ruwan tafkin Ladji ne har ƙirjinsa. Wani masunci ya cafko wuyan rigarsa yana faɗa da yaren da ba ya ji.

Ya iso gida jagab, ba gawayi. Ya ba Nadjoua labari. Ta miƙa masa busasshiyar riga.

Tun daga ranar, in rana ta faɗi, Musbahu ba ya waiwayar mai kiran sunansa. Nadjoua ta lura. Wata magariba ta ajiye masa tuwo, ta ce, "Kai wannan, ci kafin ya huce."

A nan kukan ya zo.