Kyamara Mai Maɓalli Ɗaya

A wani gari an yi wata yarinya mai son ɗaukar hoto. Ana gobe sunan ƙaninta, babanta ya kai ta kanti ta zaɓi ƙaramar kyamara.

Ta ɗauki ja mai maɓallai barkatai, ta juya, ta ajiye. Ta ɗauki baƙa mai ƙaton maɓalli ɗaya, ta juya, ta riƙe.

"Ba jar kike so ba?" in ji baban.

"Ita nake so, Baba. Amma Kaka ma za ta so ɗauka, ga hannunta na rawa."

Ranar suna yarinya ta yi ta ɗaukar jama'a. Can Kaka ta ce, "Kawo nan, ƙawata. Rungumi ƙaninki." Ta danna.

Hoton ya ɗan karkace, amma duk hotunan ranar, a shi kaɗai yarinyar ta fito.