Duwatsun Alama a Jabal Dali

Uwaisu ne ke ƙetarar da masu ɗiban ƙaro na Abu Hujar ta kan Jabal Dali, shi ne kuma ke jera duwatsun alama a hanya. Ran nan sun yada zango, kowa ya kwanta, sai ya ji ƙarar dutse kan dutse. Ya haska tocila, ya ga mutum tsugune yana mayar da duwatsun alamar zuwa bakin kwazazzabo.

"Ya zol, bawan Allah, can ba hanya, rami ne," in ji Uwaisu.

Mutumin bai waiwayo ba. Jallabiyarsa sai ɗigar ruwa take, ga shi wata biyar rabon da a ga hadari.

"Na sani, Uwaisu. Bara da damina, nan ka jera mini su."