Ruwan Safe da Yamma

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Inna! Inna, zo ki gani!"

Ikilima na durƙushe a barandar ɗakinsu, alobera guda sukutum a hannunta. Ba tuge ta ta yi ba. Taɓa ta kawai ta yi don ta gyara mata zama, sai ta biyo hannunta. Gindin ya yi baƙi ya narke, yana wari kamar albasar da ta ruɓe a buhu.

Inna Mairo ta fito daga madafi tana goge hannu da bakin zani.

"Ke lafiya kike kwarara mini kira haka?"

"Ta mutu, Inna... babbar ma ta mutu! Kuma yau zai dawo!"

Inna ta bi tukwanen da kallo. Duk sun langaɓe sun yi ɗorawa, babu mai rai ko ɗaya. Ta ɗora hannu a ka.

Tukwanen ba na Ikilima ba ne. Na Musaddiƙ ne, malamin gona ɗan Babura da aiki ya kawo Kazaure, wanda ya shekara biyu yana sallama a ƙofar gidansu. In an bi gaskiya ma ba nasa ba ne, na mahaifiyarsa ne, Hajiya Rahamatu, wadda ta rasu bara. Shekara ashirin ta yi tana rainonsu a ƙofar ɗakinta: alobera, moda, ƙerana mai ƙaya, da wasu ƙanana masu kaurin ganye da wata ƙawarta ta kawo mata daga Magarya. Da aka zo rabon kayanta Musaddiƙ bai nemi komai ba sai su.

Ranar da zai tafi kwas na wata uku a Kudu, shi ya ɗauko su guda bakwai, ya nemi izinin mahaifin Ikilima, Malam Daudu, ya shigo ya jera su da kansa.

"Kilimata, Ummata na kawo miki. Ban yarda da hannun kowa ba sai naki."

"Ni kuwa in ban kula da Umma ba, da wa zan kula?"

"To saurara da kyau. Waɗannan ba latas ɗin Baba ba ne, ruwansu na cikin ganyensu. Ki cusa yatsa a ƙasar, haka... In kin ji ɗan danshi ki ƙyale su. Sai ta bushe ƙarau, ko da sati biyu ne."

"Sati biyu? A wannan zafin?"

"Haka Umma take yi, sanyin idona."

Ta yi dariya ta ce to.

Amma fa kada a manta ƴar waye. Malam Daudu mai lambu ne a bakin dam, tun tana shekara shida take bin sa da bokiti. A gidansu shuka ta wuni ba ruwa, ai kusan zunubi ne. Kullum ta wuce ta barandar sai ta ji kamar ta bar jariri da ƙishi. Ga kaji sun sa ƙaramin cikinsu gaba, wani ɗan alobera a gwangwanin madara, har sai da Inna ta ɗora shi kan rufin akurki. Sauran shidan kuma bakin ganyensu ya fara tamoji. Duk da haka ta daure, sati biyu tana bin maganarsa.

Sai ga Sadiyya.

Sadiyya ƴar Gwaggo Uwa ce, ƙanwar mahaifin Musaddiƙ, tana karatu a nan Kazaure. Gwaggo ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa auren zumunci take so ba. Amma ita Sadiyyar bakinta zuma, kullum "Antinmu, Antinmu", har da tsarabar alawa.

Ta tsaya kan tukwanen ta dafe ƙirji.

"Haba Antinmu! Kashe su za ki yi?"

"Shi ya ce sai ƙasar ta bushe..."

"Yaya Musaddiƙ? Namiji ne fa, me ya sani? Tun safe yake ficewa. Ni da nake kwana a ɗakin Umma in an yi hutu, safe da yamma take ba su in bazara ta kama. Da idona na gani!"

Abin da zuciyar Ikilima ke son ji ke nan tun ranar farko.

Washegari ta fara. Safe da yamma. Har ta ƙara da nata: ta zubar da rairayin da ke ciki, wai wannan ai ƙasar yunwa ce, ta ɗebo baƙar ƙasar lambu da taki ta cika. Da ta ga ruwan na tsiyayewa ta hujin gindin tukwanen a banza, ta sa tsumma ta toshe. Ganyen suka kumbura suka yi sheƙi, ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta.

In ya bugo waya tambayarsa ɗaya ce.

"Kina yi musu yadda na ce?"

"Yadda ka ce nake yi, rabin raina."

So take ya dawo ya sha mamaki. Ba ta ɗauke ta ƙarya ba, kwalliya ta ɗauke ta. Ko da suka fara laushi a watan ƙarshe, cewa ta yi ruwan ne bai ishe su ba, ta ƙara.

Ranar da babbar ta mutu, bayan la'asar suka iso. Ba shi kaɗai ba ne, har da Gwaggo Uwa, wadda ya sha wuya kafin ta yarda ta zo ta ga gidan kafin maza su zo tambaya. Sadiyya na biye da su riƙe da jakar Gwaggo.

Murmushinsa ya mutu tun daga bakin zaure.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi. Durƙusawa ya yi gaban babbar tukunyar ya cusa yatsa, ya fito da shi da taɓo. Ya karkata ta ya zaro tsumman, baƙin ruwa ya kwararo kan siminti.

"Wannan Umma ta shuka ta shekarar da aka yi mini kaciya," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Musaddiƙ, wallahi so na yi su yi kyau... Sadiyya ce ta ce mini Umma safe da yamma..."

"Ni?!" Sadiyya ta fashe da kuka. "Ni me na sani a shuka? Ko kusa da tukwanen nan ban taɓa zuwa ba, tsoron ƙayar nake!"

Gwaggo Uwa ta tafa hannu.

"Ga ɓarna ga sharri! Yarinyar da ba ta riƙe amanar tukunya ba, ita za a ba amanar gida? Tashi mu tafi."

Inna na ba da haƙuri, shi bai ma ji ta ba. Ikilima yake kallo, idonsa ya yi ja.

"Sau nawa na tambaye ki a waya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Me kike ce mini?"

Ta rushe da kuka. Ya goge yatsansa a jikin rigarsa ya fita.

Wata biyu tana aika masa saƙo. Sau ɗaya ya amsa: "Tukwanen na yafe miki. Ƙaryar ce ta ƙi wuce mini." Daga nan ta ji an mayar da shi aiki Babura. Ta rame, ta daina zuwa lambu, dariyarta da ke cika gidan ta ɗauke. Son sa kuwa ko kaɗan bai ragu ba, shi ya fi komai ci mata rai.

Ranar wata Juma'a bayan an yi ruwa, Inna ta sa ta gyara rufin akurki. Tana ɗaga buhun da ya karkace ta ga gwangwanin madara.

Ɗan aloberan nan ne, kore shar, har ya fito da ƴaƴa biyu a gefe. Rairayinsa na nan, hujinsa na nan. Wata biyar babu wanda ya tuna da shi.

Ta rungume gwangwanin tana kuka tana dariya.

"Inna, saura ɗaya! Ki bar ni in kai masa... don Allah, Inna!"

Da safe ta shiga motar Babura, gwangwanin a cinyarta, ta kare shi da mayafi. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce.

A ƙofar gidan ta tarar ana kwance rumfa, ana loda kujerun roba a mota. Wata mata ta ce, "Kin makara ƴan mata, ai jiya aka ɗaura."

Gwaggo Uwa ba ta bari zancen ya huce ba, ta aurar masa da Sadiyya.

Ta so ta juya. Sai ta tuna abin hannunta ba nata ba ne, ta yi sallama ta shiga.

Sadiyya na zaune a barandar ɗakin marigayiya, lalle har gwiwar hannu. Musaddiƙ na tsaye kusa da ita yana sa hula. Ya ga Ikilima, ya ga gwangwanin, hular ta tsaya a hannunsa.

"Na Umma ne," ta ce. "Shi kaɗai ne ban kula da shi ba."

Ta miƙa wa amarya, don yanzu ita ce mai barandar.

Sadiyya ta karɓa. Hannu ba ya manta abin da ya saba: kafin ta yi tunani, jan yatsanta ya shige cikin rairayin, ta murza.

"Da sauran danshi. Sai nan da kwana biyar a ba..."

Ta zare yatsan da sauri.

Musaddiƙ ya daɗe yana kallon yatsan.

"Sadiyya... wa ya koya miki haka?"

Ba ta ɗago ba.

A zaure ya cim ma Ikilima.

"Kilimata, tsaya... gaskiya kika faɗa ranar nan! Ni ne ban saurare ki ba..."

"Ikilima sunana, Malam Musaddiƙ." Hawaye na zuba amma ba ta share ba. "Ita ta faɗa, ni na zuba, ni kuma na yi maka ƙarya. Koma wurin matarka. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ta sa kai ta fita, ba ta waiwayo ba, don ta san in ta waiwayo ba za ta iya tafiya ba.

Washegari bayan ta idar da sallar asuba, ta tsinci kanta a baranda riƙe da bokiti cike da ruwa. Tukwane shida na kife a jikin bango. Ta daɗe a tsaye tana kallonsu, har sai da Inna ta fito ta karɓi bokitin daga hannunta.