Kujerar Gefen Direba

Ranar da abin ya fara, matar marigayi da autarta sun dawo da motar daga garejin bakanike ana dab da magariba. Tsohuwar motar tsere ce, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Maigidan ya rasu ya bar musu ita a rumfa, ya kuma bar musu hidimarta. Mota ce da ba ta san godiya ba. Yau lagireto na yoyo, gobe kafireta ta toshe, jibi a tarar baƙin mai ya kwanta a ƙarƙashinta. Kayanta babu su a kasuwa, sai an aiko daga nesa da kuɗin jirgi a kansu. Tsatsa kuma tana cin gindin ƙofofin a hankali.

Duk da haka matar ba ta sayarwa. Dillalai sun sha zuwa su taya, ta raka su bakin ƙofa da ido. Bakaniken ma tsoronta yake, don in ya faɗi kuɗin aiki sai ta sa ya nuna mata kowane noti da ya kwance.

A zamanin mijinta ba ta taɓa shiga motar ba. Kullum da yamma shi kaɗai yake fita zagaye. In ta ce za ta bi shi, sai ya ce kujerar gefe ta lalace, ƙarfe zai soke ta. To a ranar nan bakanike ya danna kujerar, ya jijjiga ta, ya ce lafiyarta ƙalau, tun fil azal ba abin da ya same ta. Matar ta buɗe ƙofar. Ta gyara mayafi ta zauna, Auta ta tuƙo su gida.

Suna rufe get dutse ya faɗo kan kwanon rumfar. Suka tsaya. Unguwa ta yi tsit, ko kukan yaro babu. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Matar ta leƙa bayan katanga, ba kowa.

Haka aka ci gaba duk faɗuwar rana. Aka cire batirin motar aka ajiye a kicin, amma in ka ɗora hannu kan bonet sai ka ji ɗumi. Wani lokaci a ji murya ƙasa-ƙasa daga rumfar, kamar mutum yana ƙorafi shi kaɗai. Sai Auta ta daina cin abinci. Yarinyar da surutunta ke cika gida ta koma zama a mazaunin direba, hannu kan sitiyari, tana juya kai gefe tana saurare. In uwar ta matso kusa da ɗaya ƙofar, sai ta zuba mata wani ido da ba nata ba.

"Kar ki zauna nan," ta ce, da murya mai kauri irin ta tsoho.

Bakanike ne ya kawo malamin, wani dattijo maƙwabcinsa mai rukiyya, marar yawan magana. Aka shimfiɗa tabarma a rumfar, aka kwantar da Auta. Malam ya daɗe yana karatu. Haske na janyewa daga tsakar gida lokacin da jikinta ya sandare, bakin ya buɗe.

Malam ya tambayi aljanin da ke jikinta ko shi wane ne, da abin da ya kawo shi. Aljanin ya ce shi ba baƙo ba ne, ya riga kowa a motar nan, tun tana yashe a wurin 'yan gwangwan kafin marigayi ya saye ta. Marigayi ya san da shi, ya bar masa kujerar gefe. Duk yamma tare suke fita. Shi ake gaya wa damuwar kasuwa, shi ake ba labarin ƙuruciya, shi ya fara jin ciwon da ya zama ajali tun kafin a faɗa a cikin gida. Yanzu kuma an ɗauko wata an ɗora masa a wurinsa.

Matar ta ji abin har cikin ƙashinta. Shekara da shekaru tana ajiye abinci yana hucewa, mutum ya dawo ya ce ya gaji, ashe a hanya yake ƙarar da hirar.

"Wata?" ta ce. "Ni ce wata?"

Malam ya ɗaga mata hannu, ya umarci aljanin ya fita. Aljanin ya ce zai fita, amma a ja motar a kai bayan gari a bar masa. Ya ce ai da ba don shi ba da giyarta ta zube tuni.

Nan matar ta matso gaba. Ta ce ya zauna a motar mutane kyauta tsawon zamani, ko filogi ɗaya bai taɓa saye ba. Ina yake lokacin da kuloci ya ƙone ta sayar da awarwaronta? Mota dai ba ya samu. Aljanin ya ce to Auta ta riƙa fita da shi duk yamma kamar yadda ubanta ke yi. Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya ɗauki rawa, aljanin ya ce ya janye wannan. Ya nemi inji, ta ce a'a. Ya nemi kujerun biyu da sitiyari, don a nan hannun abokinsa yake.

"Mijina ne," ta ce. "Kujerarka kawai. Ka ɗauka ko Malam ya ƙone ka a banza."

Sannan muryar ta ce, a gajiye, marigayi ya sha gaya masa halinta. Ya karɓa. Malam ya sa shi ya rantse ba zai ƙara kusantar gidan ko yarinyar ba.

Bakanike ya sa sifana yana bismillah, ya kwance kujerar. Aka fita da ita ta get. Kujerar na ƙetare bakin ƙofa Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce wa Umma yunwa take ji. Uwar ta rungume ta a ƙirji.

Jifa ya ɗauke daga ranar. Bayan an kwana biyu bakanike ya zo da albishir, ya samo wata kujera irin waccan a hannun wani mai tara tsoffin motoci. Ya ce in ba a mayar ba darajar motar ta faɗi, ita ma kuma ba ta da wurin zama in Auta za ta fita.

Matar ta daɗe tana kallon ramin da ke gefen direba, ƙarfe tsirara da hujojin noti.

"Bar shi haka," ta ce. "Ban samu ba, babu mai ƙara samu."