Turken Iyaka Ya Yi Tafiya

Ƙiiii... gurrr... ƙiiii...

Hindu ta farka a firgice. Ba kukan kura ba ne, ba kuma ƙarar amalanke ba. Kamar wani abu mai nauyi ake ja a kan tsakuwa, ya ɗan tafi, ya tsaya ya huta, ya sake tafiya.

Ta leƙa ta kafar zana. Farin wata tas. Can wajen rijiya ta hangi bijiman mahaifinta biyu ɗaure da igiya, mahaifin nata Baffa Labbo na gaba yana lallashinsu da Fillanci, ƙannensa na turawa ta baya.

Abin da suke ja kuwa, turken iyaka ne!

Turken siminti ne mai tsawon ƙirjin mutum. Tun kafin a haifi Hindu yake tsaye a bakin rugarsu, kudu da Bazaga, yana cewa nan Nijar, can Najeriya. Shi ne ya jefa rijiyar da kakanta ya haƙa cikin wata ƙasa, da 'yan taki kaɗan. Shekarun da aka rufe iyaka, shanunsu na jin ƙamshin ruwa suna faɗuwa don ƙishirwa. Yanzu an buɗe, amma labari ya zo cewa kwamitin ƙasashen biyu na tafe, zai tabbatar da kowane turke a inda ya same shi, har abada.

Da asuba Baffa ya shigo, ƙafafunsa duk jar ƙasa.

"Hindatu, kin ji wani abu daren jiya?"

"Na ji, Baffa."

"Ba ki ji komi ba, ɗiyata." Ya daɗe yana kallonta. "In maganar ga ta fita, jandarmomi su tafi da ni, shanu su koma mutuwa. Ko wancan yaron naki ya tambaye ki, ba ki ji ba."

Wancan yaron shi ne Hayatu, ɗan masu manyan motoci a Konni. Ya yi karatu a Yamai har da ƙetare, shi ke jagorantar mutanen Nijar a cikin kwamitin. Kowa ya san in ya gama wannan zagaye lafiya, kujera na jiransa a Yamai: darektan tsaron iyakoki da haɗin kan ƙasashe maƙwabta. A kasuwar Konni ya fara ganin Hindu. Ya sha nononta ya manta bai biya ba, ya dawo biya, ya kasa tafiya. Mahaifiyarsa Hajiya A'i ta yi ta faɗa, wai matar darekta ba ta yin tallan nono. Da ƙyar ta yarda a yi biki bayan ya hau kujerar.

Ana gobe kwamiti zai iso, ya zo da la'asar a kan babur.

"'Yar Fillo tawa! Yau ba murmushi?"

"Sannu da zuwa, Mushe Darekta," ta ce, tana kwaikwayon girmamawar masu Faransanci.

"Kai, bari sai na hau tukuna." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Hasken idona, tambaya gare ni. Na biyo ta wajen turke, na ga ƙasar gindinsa kamar sabuwa. Jaje kuma, mataimakina, sai raɗe-raɗi yake yi. Kin san ya daɗe yana hangen kujerar ga."

Hindu ta sunkuyar da kai.

"Ke kike kwana kusa da shi," in ji Hayatu. "In kin ce mani ba a taɓa shi ba, ban bukatar wani awo. Bakinki ya fi mani na'ura."

Ta dubi shanun Baffa da ke dawowa daga rijiya, cikinsu taf da ruwa. Ta dubi fuskarsa.

"Dutse na tafiya ne, Yaya?"

"Amsa mani dai."

"Ba a taɓa shi ba..."

Ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Alhamdulillahi! Allah shi bar mani ke."

Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Washegari motoci suka cika bakin ruga. Manya daga Yamai, manya daga Sakkwato, jandarmomi, masu awo da sandunansu masu ja da fari. Hindu na cikin mata, ƙwaryar nono a kanta. Hayatu ya dafa turken da hannunsa, ya ce a gaban kowa:

"Wannan na ɗauke shi a wuyana. Yana inda aka kafa shi."

Jaje ya yi murmushi.

"Ranka shi daɗe, tunda ba shakka, mi zai hana a ɗan tona gindinsa?"

Ashe masu awon farko suna da wata al'ada mai ban mamaki. Duk inda za su kafa turke, sai sun fara binne kwalba cike da gawayi a ƙarƙashinsa, don gawayi ba ya ruɓewa, kwalba kuma gara ba ta cin ta. Shekara da shekaru kwalbar na kwance cikin duhu, shanu na taka kanta, ba wanda ya san da ita a rugar.

Aka tona gindin turke. Ba komi.

Jaje ya taka zuwa arewa da rijiya, ya nuna wani wuri da ƙafa. Aka tona. Sai ga koriyar kwalba.

Ƙwaryar Hindu ta suɓuce, nono ya malale a ƙasa.

Babban da ya zo daga Yamai ya cire tabarau.

"Hayatu, wa ya tabbatar maka har ka kunyata mu gaban baƙi?"

"Ba kowa, ranka shi daɗe. Kuskurena ne."

"Wa ya matsar da shi?"

"Ban gani ba."

Ko sau ɗaya bai dubi inda take ba.

Aka bar turken a inda yake, aka ce kafin kwamiti ya dawo, ko ya koma kan kwalbarsa ko a kwashe mazan rugar duka. Kujerar Yamai kuwa Jaje aka ba. Hayatu aka tura shi Malbaza, garin masana'antar siminti, wai ya riƙa duba yadda ake zuba sababbin turaku.

Baffa ya ce barazana ce kawai, ya ƙi taɓa turken. Hajiya A'i ta tare Hindu a tsakiyar kasuwa.

"Na faɗa mashi! Tun ba a ɗaura ba kin cinye mashi kujera, mai farar ƙafa!"

Hindu ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Hajiya na zarginta da rashin sa'a ne kawai. Da ta san gaskiya fa?

Abinci ya daina shiga. In ta rufe ido sai ta ga hannunsa a kan turken, ta ji muryarsa: bakinki ya fi mani na'ura. Ranar da ta kasa jurewa, ta ce za ta kai nono Konni, ta hau motar siminti da ke komawa Malbaza wayam.

Ta same shi a wani fili bayan masana'anta. Sababbin turaku jere kamar mutanen da suka tsaya salla, shi kuma a tsakaninsu, gashinsa da girarsa fari fat da ƙurar siminti, kamar ya tsufa cikin wata guda.

"Yaya..."

"Hindu. Mi ya kawo ki?"

Ta durƙusa.

"Na ji ƙarar a daren. Na ma gani da idona. Ƙarya na yi maka!"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da ƙwaryarki ta faɗi."

Kuka ya ƙwace mata.

"To don mi ba ka tona mu ba? Da ka ce ni ce, da ba su..."

"In ba da surukina ga jandarma don kujera?" Ya girgiza kai. "Ba kujerar ke mani ciwo ba. Kin san mine ne aikina? Rijiya ɗaya, ƙasa biyu, a zauna a shirya yadda kowa zai sha. Abin da na je na karanto ke nan. Da kin ce mani, Yaya, shanunmu na mutuwa, da shi zan fara sa wa a gaban manya. Amma kin ɗauke ni baƙo, Hindu. Kin sa ni can hayin turke."

"Ka yafe mani, don Allah..."

"Tafi gida. Rana na yi."

Bai ce ya yafe ba.

Da ta isa ruga ta sami Baffa yana ɗaure maruƙa.

"Baffa, yau zan mayar da turken ga."

"Ke? Ki mayar da rijiyar kakanki wata ƙasa?"

"Na yi ƙarya don shanunka, ta ci mutumin da ya rufa maka asiri. Ko a yanzu ya san kai ne, bai faɗa ba."

Tsoho ya ci gaba da ɗaure maruƙansa. Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Amma bayan isha'i ta ga igiya da galma ajiye a ƙofar bukkarta.

Ta tone gindin turken, ta ɗaura igiya, ta kira bijimai da sunayensu. Suka ja, turke ya kwanta. Suka sake ja, ya maƙale a tsakuwa. Ta kama igiyar tana taya su, igiyar ta zame ta yanke mata tafin hannu biyu. Ta sake kamawa da jinin.

Sai ta ji igiyar ta yi sauƙi.

Wani ya kama ta baya, yana warin siminti.

"Haka ake jan dutse, 'yar Fillo? Ba ki sa mashi itace a ƙasa ya gangara ba?"

"Yaya! Ya aka yi ka..."

"Na san taurin kanki. Ja mu tafi, kafin in tuna ina fushi."

Tana kuka tana dariya suka ja. Ƙiiii... gurrr... Hannunsa na buro, mai riƙon alƙalami, bai saba ba, igiyar ta yanke shi daidai inda ta yanke ta. Kafin kiran salla turke na tsaye kan kwalbarsa.

Kwamiti ya dawo ya same shi a wurinsa, aka rufe maganar. Hayatu, da ba shi da sauran kujera sai baki, ya yi ta safa da marwa tsakanin Konni da Sakkwato, har manyan ɓangarorin biyu suka yarda shanun kowa su sha a rijiyar. Kujerar Yamai ba ta dawo ba. Wani lokaci in rediyo ya ambaci taron tsaro na ƙasashen yankin, Hindu kan ga Hayatu yana kallon nesa, sai abin ya sake tsaya mata a ƙirji.

Hajiya A'i ta gaji da ganin ɗanta na ramewa, ta ce a yi abin da za a yi.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da yamma ango ya zo gaisuwa ruga, ya miƙa hannu biyu zai karɓi ƙwaryar nono daga hannun amarya. Gwaggo Balaraba, maƙwabciyarsu da ta sa wa Hindu lalle, ta matso ta ƙura ido, ta dubi tafin wannan, ta dubi na wancan.

"Wai ni kam, tun rannan nike jin ƙara cikin dare. Wace irin igiya ce ta yanki amarya da ango wuri guda?"

Baffa Labbo ya juya yana kallon shanunsa a bakin rijiya.