Jinin Yaya Babba

A garin da nake ba ku labari, kiwon dodanni sana'a ce kamar kowace. A kamo su a daji, a kulle a keji, a horar, ranar gasa a kai su fili su gwabza, mai dodon da ya ci ya kwashi dukiya. Yaya Babba ya shekara ashirin a harkar, ko na uku bai taɓa zuwa ba. Ƙanensa Auta kuwa, da wata 'yar dodanniya mai ƙaho ɗaya da ya tsinta a bakin kwata, sau huɗu yana ɗaukar kofi. Duk tafin da aka yi wa Auta, a kuncin Yaya Babba yake sauka. Hassada ce tsagwaronta, ba zan sakaya ba.

Wata rana da azahar ya zagaya bayan tsohuwar mahauta, wurin Mai Allura. Da can likitan dabbobi ne, aka kore shi saboda gauraya jinin mutum da na dodo, sai ya haɗa da tsafi. Ɗakin ba taga. Firij na gurnani a lungu, lulluɓe da jan ƙyalle, a kansa ƙoƙon kan wata halitta mai ramin ido uku. Kwalabe jere a kanta, kowace da ɗan tayi cikin ruwa rawaya, wasu da yatsu irin namu. Wurin sai warin magani da ƙonannen gashi.

"Dodon da ba a kayarwa nake so," in ji Yaya Babba. "Faɗi kuɗinka."

"Riƙe kuɗinka. Jininka nake so, sirinji ɗaya."

"Shi ke nan? Ba wata a ƙasa?"

"Abin da ke cikin jinin shi zai fito. Ba na ƙarawa, ba na ragewa. Ka tabbata naka mai kyau ne?"

"Malam, ja jini mu wuce wurin."

Mai Allura ya ja, ya yi surkulle a bakin wata kwalba, ya tsiyaya. Ɗan tayin da ke ciki ya buɗe ido ya dubi Yaya Babba.

Bayan wata uku aka miƙa masa dodon. Jiki baƙin ɓawo, ga jela, amma hannuwan na mutum ne, har da karkataccen ɗan yatsan da Yaya Babba ya gada wurin ubansa. A gasar farko ya yaga dodanniyar Auta gida biyu. Kafin shekara ta zagayo, ga bene, ga motoci. Shi kuwa Auta ya binne abarsa, ya buɗe ɗan shagon abincin dodanni, yana ta fara'arsa, wannan ma ya tsaya wa yayan a maƙogwaro.

Wata safiya Inna, mahaifiyarsu, ta dafa kan Auta a gabansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, kai ne mai leƙo ni." Yaya Babba ya haɗiye abin. Da la'asar aka tsince ta ba rai, shatin yatsu a wuyanta, ɗaya a karkace. Matar Yaya Babba ce ta fara ganin shatin. Ta dubi hannun mijinta, ta dubi keji, tun ranar ba ta ƙara magana mai kan gado ba.

Ya koma wurin Mai Allura.

"Dodon ba ya taɓa wanda kake wa hassada," in ji bokan. "Abin da kake masa hassada a kai, shi yake ɗaukewa."

"To a kashe shi."

"Jininku ɗaya, tare za ku tafi. Maganin kyauta ne: ka ga alheri a hannun wani, ka bar zuciyarka ta kwanta."

Mutuwa kam bai shirya mata ba. Saura masa 'ya ɗaya, 'yar shekara shida, wadda yake kira Uwata. Ya kama hannunta ya kai ta gidan ƙanensa.

"Riƙe min ita, Auta. Gidana ba lafiya."

"Haba Yaya, ai 'yarka 'yata ce."

Ya dawo ya danna wa kejin kwaɗo uku. Wata guda ya daure bai je ba, sannan ya saya mata riga ya tafi. Daga bakin ƙofa ya hango ta a wuyan Auta, tana wata dariya da bai taɓa ji a benensa ba.

"Baba, ƙara juya ni!"

Ba shi take kira ba. Abin ya soke shi na numfashi ɗaya tak, ya kuma san me ya aikata. Maimakon ya shiga ya rungume 'yarsa, sai ya ruga gida duba keji. Ya tarar da kwaɗuna ukun an buɗe su tsaf an jera a ƙasa, ya manta hannun mutum ya ba dodon. Sun yi saɓani a hanya, dodon ya riga ya nufi wurin yarinyar.

Yau in ka bi ta layin za ka ga benen ya zama kango. Yaya Babba na zaune a ƙofa da rigar yarinya a cinya, idonsa ɗaure da tsumma don kada ya ƙara ganin kowa da komai. Dodon na kwance a gefensa yana jira.

Kai mai ƙyashin abin hannun ɗan'uwanka, ka ji tsoron Allah. Boka bai ƙara wa mutumin nan komai ba, hannu kawai ya ba abin da ke zuciyarsa.